Rana, Inuwa da Fuskar Mutum: Tarihin Gyaran Hoto a Kano

Daga cikin sana'o'in da suka shigo ƙasar Kano tare da mulkin Turawa, suka yi saiwa har jama'a suka manta da baƙuntarsu, akwai sana'ar ɗaukar hoto; kuma ko da yake kayan aikinta sun sauya sau da dama a cikin shekara ɗari da 'yan kai, tun daga akwatin katako mai ƙafa uku har zuwa wayar da ke aljihun kowane saurayi a Gyadi-Gyadi, akwai mushkila guda wadda magabata suka yi fama da ita, na baya ma suka gaje ta ba ragi, wato yadda za a yi da kaifin ranarmu idan ya sauka a kan fuskar mutum. Saurayin da ya zauna yau a wani shago a Tarauni yana koyon gyaran hoto da kwamfuta, yana kokawa da goshin da ya yi ƙyalli da idanun da suka nutse cikin duhu, yana zaton ilmin da yake nema jiya aka haife shi, alhali kuwa yana bin sawun mutanen da suka yi wannan aikin da fensir da yatsun hannu tun kakansa bai yi wayo ba.

Asalin mushkilar a sarari yake ga mai lura. Kano tana zaune ne a wajen daraja 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka sau biyu a shekara, a ƙarshe-ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka lokacin zawali, sauran watannin ma ba ta cika yin nisa da nan ba. Idan haske ya zubo daga sama haka, sai goshi da karan hanci da kumatu su kwashe shi duka, gurbin ido da ƙarƙashin haɓa su zama ramukan duhu. A kan wannan sai a haɗa da al'adarmu ta sutura: farar shadda da ta sha bugu tana walƙiya, baƙar fata a samanta, sa'an nan hula ko rawani ko mayafi ya ƙara jefa inuwa a kan fuska. Idon ɗan Adam, saboda hikimar da Allah Ya sanya a cikinsa, yana iya ganin aikin zaren da ke wuyan riga da ƙwayar idon mai rigar a duba ɗaya; amma na'ura, ta da da ta yanzu, ikonta taƙaitacce ne, in ta kula da riga fuska ta yi duhu, in ta kula da fuska riga ta ƙone. Tarihin gyaran hoto a ƙasarmu, in aka taƙaita shi, tarihin neman sulhu ne tsakanin waɗannan biyun.

Ilmin da aka gina sana'ar a kansa ya daɗe a hannun malaman Musulunci kafin ya isa ga masu ƙera na'ura. Hasan ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 Miladiyya, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya kafa hujja a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne saboda hasken da ke shigowa ido daga abin da ake kallo, kuma ya jarraba yadda haske ke ratsa 'yar ƙaramar kafa ya faɗa cikin ɗaki mai duhu. Abin da ya rage shi ne a sami hanyar tsayar da surar don kada ta gushe, wannan kuwa sai a ƙarni na 19 aka dace da shi, lokacin da aka bayyana dabarar Daguerre a birnin Faris a 1839. Kafin ƙarnin ya ƙare sana'ar ta riga ta sauka a gaɓar tekunmu, inda irin su George da Costa a Ikko da Jonathan Adagogo Green a Bonny suka yi suna da ita.

Kano kuwa ta san kyamara sosai ne bayan da sojojin Ingila suka ci birnin a watan Fabrairu na 1903, a hannun hafsoshi da jami'an mulki waɗanda ke ɗaukar ganuwa da kasuwa da sarakuna don amfanin kansu. Da layin dogo ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari ba da jimawa ba, sai akawuna da masu sana'a daga Kudu suka kwararo, a cikinsu har da masu hoto, kuma shekaru da yawa sana'ar a hannunsu ta fi ƙarfi. Mutanen birni sun ɗan ja jiki da farko, kuma ba don jahilci ba ne, domin mas'alar sura tana da babi a fiƙihu. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne cewa haramcin ya fi tabbata a kan cikakkiyar surar mai rai wadda take da jiki har tana yin inuwa, amma wadda take shimfiɗe a kan takarda ko tufa hukuncinta ya fi sauƙi. A Masar kuma Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Mufti, ya rasu a 1935, ya wallafa risala yana mai cewa mai kyamara bai ƙagi wata halitta ba, ya dai tsare inuwar abin da Allah Ya riga Ya halitta, tamkar surar da ke bayyana a madubi. Wasu malamai ba su gamsu ba, har yau ma saɓanin yana nan; amma larura ta yi nata aikin, domin mai niyyar Hajji yana bukatar fasfo, ɗan makaranta da ma'aikacin En'e da direba suna bukatar takardar shaida, kuma tun daga 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta saba wa masu karatu da ganin fuskokin manya a kan takarda.

Gyara na farko da talaka ya fara gani da idonsa a bakin hanya aka yi shi, a wurin masu akwatin katako. Wannan akwati shi ne kyamara, shi ne kuma ɗakin wanki: mai hoto yana zaunar da mutum a kan benci a gaban baƙin ƙyalle, ya cire murfin gilashi ya ƙirga a zuciyarsa ya mayar, sa'an nan ya zura hannu ta cikin hannun riga da aka ɗinke a jikin akwatin, ya tsoma takardar a 'yan kwanonin magani da ke ciki. Abin da ke fitowa da farko a juye yake, baƙar fuska ta fito fara, farar riga ta fito baƙa, sai a manna wannan a kan ɗan allo a gaban gilashin a sake ɗauka, sa'an nan hoton gaske ya bayyana. Tsakanin ɗauka ta farko da ta biyu nan ne damar gyara take. Masu irin wannan akwati a ƙasashe da dama sun san cewa takardar hoto ba ta jin jan launi, saboda haka sukan shafa ɗan ja-ja a kan fuskar da ke juyayyen hoton, wurin ya rage mayar da haske, fuskar ta fito da sarari a ɗauka ta biyu. Da wannan 'yar dabara, wadda ba ta wuce lakatar yatsa ba, ake ceto kamannin mutumin da rana ta binne a inuwar hularsa.

Da zamanin shaguna masu labule da fitilu ya zo, sai gyara ya zama fanni mai ƙa'idoji. Ƙa'ida ta farko tana aiki tun kafin a danna kyamara: a ba fim haske gwargwadon bukatar wurin da ya fi duhu, wato fuska, sa'an nan a taƙaita lokacin wanki don kada farin riga ya toshe, dalili kuwa shi ne fim yana jure yawan haske fiye da yadda yake jure ƙarancinsa. Ƙa'ida ta biyu a kan fim ɗin kansa take. Ana ɗora shi a kan gilashi mai fitila a baya, a shafa masa wani ɗan mai don ya kama baƙin fensir, sa'an nan a fere fensir ya yi tsini kamar allura, a dinga ɗiga shi a hankali a gurbin ido da gefen hanci, domin duk inda fensir ya taɓa zai fito da haske a kati. Ƙa'ida ta uku a ɗakin duhu take, ƙarƙashin jar fitila, lokacin da na'urar faɗaɗawa ke zubo surar a kan kati: mai wanki yakan sa yatsunsa ko ɗan kwali a bakin waya ya tare hasken daga fuska na 'yan daƙiƙu, yana kaɗa hannun don kada iyakar ta nuna, sa'an nan ya huda wani kwalin ya ƙara wa riga haske har aikin zare ya bayyana. Wasu manyan gwanayen wannan sana'a ma da hasken rana suka yi suna. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurinsa a Bamako a 1948, akasarin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su, yana zaɓen lokaci da inuwa da wurin tsayuwa kafin ya taɓa na'ura.

Abin lura a nan shi ne tartibin koyo. Yaron da aka kai wa mai hoto ba ya taɓa fensirin gyara sai ya daɗe. Yakan fara da shara da ɗebo ruwa da ɗauraye katuna da shanya su, sa'an nan haɗa magani, sa'an nan riƙe farin ƙyalle a gefen mai zama don ya mayar da haske ƙarƙashin haɓarsa, yana nan yana kallon maigidansa yana juya mutum daga rana, yana cewa, "Alhaji, a ɗan ɗaga hular baya," ko ya ce da uwar amarya, "Hajiya, a yi haƙuri sai bayan la'asar." Tsadar kaya ce ta tsara wannan tarbiyya, domin fim mai ɗauka 12 ko 36 ba abin wasa ba ne, kati kuma in ya lalace daga aljihun maigida ya fita. Saboda haka almajirin sana'a yakan san haske tun kafin ya san gyara, kuma idan ya zo gyaran ya riga ya fahimci abin da yake ƙoƙarin maidowa.

Akwai kuma wata illa wadda ba daga rana take ba, daga masana'anta take. Tun daga tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa ɗakunan wanki wani kati na gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda da shi ake daidaita injin wanke hoto mai kala, kuma sai a 1995 kamfanin ya fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. An ruwaito daga tsofaffin ma'aikatansa cewa ƙorafin masu sayar da kayan katako da masu cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a hoton talla, yana cikin abin da ya sa aka kyautata yadda fim ke rarrabe launukan ƙasa-ƙasa. Ma'anar wannan ita ce mai hoto a Kano ya shekara da shekaru yana aiki da mizanin da ba don fatar abokan cinikinsa aka ƙera shi ba, kuma duk kyan da aka gani a tsofaffin hotunanmu, ƙwarewar hannu ce ta cike giɓin.

Yankin Tarauni ya shigo labarin ne lokacin da Kano ta tumbatsa ta fita daga ganuwa ta bi titin Zariya. Wuraren da a da ƙauyuka ne da gonaki suka cika da gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, musamman da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970. Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku da Darmanawa da Daurawa suka haɗe da gari, har aka yi wa Tarauni ƙaramar hukumarta a 1996. Duk abin da ke jawo mai hoto ya taru a wannan yanki: kotunan da ke Gyadi-Gyadi, inda takardar rantsuwa ke neman hoton fasfo, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, da ɗalibansa da ma'aikatansa, makarantu da Islamiyyu masu bikin sauka, ga kuma gidan zu da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako a maƙwabtaka, inda yara da 'yan mata ke yin dafifi da Salla cikin sababbin kaya, masu hoto rataye da kyamara suna bin su a tsakiyar rana, lokacin da ya fi kowane muni ga wannan aiki.

A wannan zamanin ne kuma gyara ya kusa suɓucewa daga hannun mai hoto. Da injinan wanke hoto mai kala suka yawaita daga shekarun 1980, sai ya zamana mai kyamara yana ɗauka ne kawai, ya ruga ya miƙa fim, inji ya auna hasken hoton gaba ɗaya ya yanke hukunci, ya dawo da katuna ya sayar tun ba a watse daga wurin biki ba. Inji ba ya tare haske da yatsa, ba ya sanin cewa fuskar ango ta fi babbar rigarsa muhimmanci. Ɗakunan duhu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, aka sami tsarar masu hoto waɗanda ba su taɓa shaƙar warin maganin wanki ba, kuma abin da ya rage musu na dabara shi ne kunna fitilar kyamara ko da rana tsaka don ta cike inuwar fuska, wanda sau da yawa yakan bar goshi yana ƙyalli.

Kwamfuta ce ta maido da gyara, kuma hanyar da ta biyo a Kano ta ratsa ta harkar fim. A 1990 aka fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin farkon finafinan Hausa na bidiyo a Kano, a shekarar kuma kamfanin Adobe ya fara sayar da Photoshop. Kafin shekara goma ta cika harkar fim ta bunƙasa, daga baya ofisoshinta suka yi sansani a titin gidan zu, daf da Gyadi-Gyadi, mujallu irin su Fim suka fara fitowa a 1999, siyasa ta dawo a wannan shekarar da fastocinta. Kowane kwalin kaset da kowace fasta suna neman fuska mai sheƙi, sai samarin da suka iya kwamfuta suka sami abin yi. Wayar salula ta zo a 2001, kasuwar waya ta Farm Centre ta kafu a cikin Tarauni, sannu a hankali kyamara da ɗakin gyara suka dunƙule a tafin hannu. Kayan aikin da ke cikin manhajar Photoshop ma gadon ɗakin duhu ne, domin alamar tare haske da ta ƙara shi an zana su ne da siffar ɗan kwalin nan mai waya da hannun mai wanki.

Sai dai tartibin koyo ya juye, kuma a nan ne mai koyo na yau ya fi shan wahala. Yana fara gyara tun bai san haske ba, domin ɗauka ba ta cin kuɗi. Kuma ƙa'idar magabata ta kife a hannunsa, saboda na'urar zamani, saɓanin fim, yawan haske ne ba ta jurewa. A hoton da aka saba, kowane ɗigo yana da lamba daga 0 zuwa 255, kuma inda rana ta kai shi ƙarshen lamba babu sauran bayani a wurin. Ko an ja ma'aunin haske ƙasa, farar rigar toka-toka za ta koma, zarenta ba zai dawo ba. Maɗinki yana iya rage riga, amma ba ya iya maido da abin da almakashi ya riga ya yanke. Saboda haka wanda ya san aiki yakan tsare fari tun wajen ɗauka, ya ajiye hoton a ɗanyensa in kyamararsa tana da iko, sa'an nan a wajen gyara ya bi daki-daki: ya daidaita launi tukuna, domin jar ƙasa da ganyen darbejiya da shuɗiyar rumfar biki duk suna rina fata, ya sassauto da hasken goshi da hanci su kaɗai, ya ɗaga inuwar ido kaɗan, ya tsaya kafin dusar ɗigo-ɗigo ta bayyana, ya bar wani abu na inuwa a gefen fuska, domin ita ce ke nuna tudu da kwari, in an share ta duka fuskar ta zama shafaffiya. Mafi sauƙi daga wannan duka shi ne abin da yaron shago na da ya sani tun shekararsa ta farko: a ja mutum zuwa bakin soro, ko a jira hantsi ko bayan la'asar, ko a gode wa hazon hunturu wanda ke tausasa rana kyauta.

Bayan haddin na'ura akwai haddin amana, wanda shi ne mafi nauyi. Duk mai gyaran hoto a Tarauni ya san maganar da ta fi yawa a bakin masu kawo aiki, wato "Don Allah a ɗan ƙara min haske," kuma maganar tana ɗaukar fuska biyu: wani yana nufin a maido masa da abin da inuwa ta ɓoye, wani kuwa yana nufin a ba shi launin da ba nasa ba. Na farko haƙƙinsa ne, domin rana ce ta tauye shi, gyara kuma adalci ne gare shi. Na biyu yana buɗe ƙofar algus, musamman da yake hoto yanzu yana shiga neman aure da neman aiki da takardun shaida, inda wani zai gina hukunci a kan abin da ya gani. Hujjar da malaman da suka halatta hoto suka dogara da ita ma ita ce cewa hoto tsare surar da take akwai ne. Idan mai gyara ya kankare zanen gado, ya tsuke hanci, ya mayar da wankan tarwaɗa fari tas, to ya fita daga inuwar wannan hujja da ƙafarsa. Abin takaici ne a ce al'ummar da ta daɗe tana fama da mizanin da aka ƙera don fatar wasu, yau da mizanin ya dawo hannunta, ta zaɓi ta ci gaba da auna kanta da shi.

Don haka abin da ya kamaci masu shagunan da ke karɓar yara a yau shi ne su maido da tsohon tartibi gwargwadon iko: a fitar da mai koyo waje ya riƙe farin kwali, ya ga yadda inuwa ke tafiya daga hantsi zuwa azahar, kafin a zaunar da shi a gaban allo, a kuma koya masa cewa ma'aunin gyara shi ne kama. Idan aka kai hoto gida, mahaifiyar mai shi ta duba ta gane ɗanta ba tare da an gaya mata ba, kuma ta gan shi a mafi kyan halinsa, to mai gyara ya sauke nauyin da aka ɗora masa, ladan aikinsa kuma ya halatta.